Riga Ruwan Goro

Kabarin wa na durƙusa a gabansa a bayan dutsen nan? Na Malam ne, ko na mijin wata ne da ita ma take zaune a wani gari tana jiran labari? Da wannan tambaya na dawo, kuma har yau ban sami inda zan sauke ta ba.

Matan unguwarmu ta Limawa sun hana ni sakat. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da hanya sai ta gyara zama ta ce, "To Dada, yaya Kamaru?" In fara, kuka ya ci ƙarfina a tsakiya, ta tafi da rabin labari, gobe wata ta zo in koma farko. Shi ya sa na ce wa autata Hadiza ta zauna ta rubuta. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana yadda take gyara hotunan mutane.

Mijina Malam mai gyaran keken ɗinki ne. Sana'ar ubansa ce, da ita suka zo Jimeta daga Kano tun yana goye. In aiki ya yi sanyi a nan, sai ya rataya jakarsa ta sukuddireba da kwalbar mai ya bi garuruwa, Gombi, Hong, Mubi, inda teloli ke tara masa kekuna. Yana Mubi ranar da mutanen daji suka shiga garin. Waɗanda suka tsira da yawa ta kan duwatsu suka bi suka faɗa Kamaru da ƙafa. Wasu sun dawo bayan makonni, wasu bayan watanni. Malam bai dawo ba. Na yi jira har malamai suka ce in yi takaba, na yi, ba gawa, ba kabari.

Rigar da ya tafi da ita ni na sayo yadinta a kasuwar Jimeta. Mutumin da duk rayuwarsa daga fari sai shuɗi, na kawo masa ruwan goro. Ya ɗaga yadin ya ce, "Tasalla, laifin me na yi miki?" Abokansa teloli suka sa shi gaba, wai Malam ya faɗa tukunyar manja. Ya sa ta ranar sunan jikanmu don kada in yi fushi, daga nan kuma ta zama rigar fitarsa. A ranar sunan aka ɗauki hoton da ya rage mana. Ba ya son hoto, saboda haka ya sunkuyar da kai yana kallon jaririn, hula ta rufe rabin fuska. Hoton ya yi shekara da shekaru a bangon ɗakina yana shan hasken taga, har rigar ta koɗe ta koma kamar kunun gyaɗa.

A bana aka zo mana da labarin wata ƙungiya mai neman waɗanda suka ɓata. Za su tara mutanen ƙauyukan bayan iyaka, waɗanda suka binne baƙin da suka mutu a hanya, a haska musu hotuna da majigi a bango ko za su gane wani. Matar da ta zo gidanmu ta faɗa mana gaskiya. Ta ce bayan waɗannan shekaru ba wanda zai tuna fuska, balle fuskar mamaci, tufafi suke tunawa.

Hadiza tana aiki a wani shago a Jimeta inda ake yin katin biki da kalanda da manyan hotunan 'yan siyasa. Ta ɗauki hoton ta shigar da shi kwamfuta, ta ce in zo in zauna kusa da ita mu mayar wa rigar launinta.

"Dada, wannan ko wannan?"

"Babu ko ɗaya. Wancan lemo ne, wannan kuma bulo."

"To in ƙara ja?"

"Ƙara kaɗan. Kai, kin yi yawa, kin mai da shi mahauci."

Muka yi ta yi har na gaji. Washegari na taho da jan goro a bakin zane, na tauna, na tofa a kan farar takarda, na bari ya sha iska, na jingina ta jikin kwamfutar. Mai shagon, wani Babacame mai barkwanci da gurguwar Hausa, ya riƙe kai ya ce, "Mama, kai zai kashe ni! Takarda mai tsada kai ya tofa masa goro?" Hadiza ta ce, "Oga, bar ta, yau ita ce injiniya." Ta yi ta matsawa tana duban takardar tana duban gilashin, sai ga Malam. Wallahi sai ga shi zaune da jaririn a cinya, kamar in ce masa ruwan wankansa ya huce. Na rufe fuska da mayafi. Mai shagon ya fita waje ya bar mu.

Hadiza ta ce kowane launi yana da lambarsa, ta rubuta ta wannan ta adana. Na ce ashe launi ma lamba gare shi kamar mota. Ta ce da lambar nan ko a Makka aka buɗe hoton haka zai fito. Ta buga mana ɗaya babba a takarda, ta naɗe ta zura a cikin guntun bututun roba don kada ya lanƙwashe, ta kuma aika wa ƙungiyar nasu ta waya.

Muka shiga motar Mubi da safe. An matsa mu huɗu a baya, ni da Hadiza da wata mai busasshen kifi da buhunta, don buhun ma mazaunin mutum ya ci. Tun daga Girei matar nan take magana. Kafin Song na san sunan surukarta da ciwon da ke damun ƙafarta. Da ta ji inda za mu, sai ta ce ƙaninta ma haka ya ɓata, amma su ko hoto ba su da shi. Ta ɓare kifi ɗaya ta miƙo mini. Ba na cin kifi a mota, amma na karɓa.

Bayan Gombi shingayen sojoji suka yi yawa. A wani aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Wani soja dogo ya hangi bututun a hammatar Hadiza, ya daka tsawa, kowa ya watse ya bar mu tsaye mu biyu a tsakiyar titi. Da Turanci yake faɗa, bindiga a hannu. Hadiza ta ajiye bututun a ƙasa a hankali, ta zaro takardar ta warware. Ya matso ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce da gurguwar Hausa, "Baba ne?" Na ce shi ne. Ya naɗe hoton da kansa, ya mayar, ya miƙo mini da hannu biyu. Da muka koma mota mai kifi ta ce, "Yau da hoto ya sa an harbe mu, da me za a ce a gida?" Direba ya ce za a ce kifi ne ya yi wari. Har ni sai da na yi dariya.

Hanyar daga Hong ban iya kallonta sosai ba. Gidaje sababbin kwano a jikin tsofaffin bangaye masu baƙin ƙuna. Ina ta cewa a raina, nan ya wuce, nan ma ya wuce.

A Mubi muka sauka gidan Malam Dauda tela, wanda a shagonsa Malam yake aiki ranar da abin ya faru. Ya nuna mini keken, har yau da shi yake ɗinki. Ya ce Malam ya gama ɗaure shi ke nan yana goge hannu aka fara harbi, suka fita tare, a wajen gari turmutsutsu ya raba su. Ya taka keken don in ji. Na san wannan sautin, keken da ya bi ta hannun Malam ba ya tari.

Matarsa ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa. Muna ci na ce, "Malam Dauda, ka tuna rigar da ke jikinsa?"

"Yaya zan manta? Jar rigar nan da muke tsokanarsa da ita."

Matarsa ta ce, "Wace ja? Rawaya ce. Ni na kai masa abinci da safen nan."

"Ke kina kallon kwano, ni ina kallon mutum."

Hadiza ta warware hoton. Malam Dauda ya ce, "Yauwa, ita ce, sai dai tasa ta fi wannan duhu." Matarsa ta ce ita dai a ganinta ta fi wannan haske. Suka ci gaba da musunsu irin na miji da mata, ni kuwa na tsame hannuna daga tuwon.

Daga Mubi zuwa Sahuda, inda iyaka take, acaɓa muka hau. Rabona da babur tun kafin a hana su a Jimeta. Na ƙanƙame yaron mutane har ya ce, "Dada, numfashi nake so in yi." A wani gangare takalmina ɗaya ya fice, sai da aka tsaya Hadiza ta koma ta tsinto shi a cikin ƙaya.

Iyakar da nake jin labarinta ashe sanda ce a gicciye da rumfa. Na ɗauka zan ga katanga. A ɓangaren Kamaru wani jandarma, ɗan sandansu na can, ya karɓi takardar da ƙungiyar ta ba mu, ya yi mini wata magana ta hanci mai tsawo. Na ce wa Hadiza zagina yake? Ta ce Faransanci ne, ita ma ba ta ji. Sai na gwada Fulatancin da na tsinta a bakin maƙwabta, na ce, "Jam na?" Mutumin nan ya washe baki ya ce, "Jam, Dada!" Daga nan har ƙauyen da muka je, Fulatanci ne ya ci da mu. Nawa na kasuwa ne, suna dariya, amma suna ganewa.

A Bukula, garin farko bayan iyaka, muka karya. Burodinsu dogo ne siriri kamar taɓarya, ga tauri, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya ba ko leda. Haƙorana ba su iya da shi ba sai da na tsoma a shayi. Shayin ma ba shayi ba ne, kofi ne baƙi mai ɗaci. Ma'aikatan ƙungiyar da suka zo tarbarmu, mace da namiji, suka gaisa suna haɗa kumatu hagu da dama a gaban jama'a. Na kau da kai. Hadiza ta ce gaisuwa ce kawai. Na ce Allah ya bar mu da tamu.

Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, sun roƙe mu. A gindin dutse yake, gonakinsu hawa-hawa an tokare da duwatsu, wurin da mu ko akuya ba za mu ɗaure ba su dawa suke shukawa. An raba mu gidaje, mu da sauran masu nema. Mu aka kai mu wurin wata gwauruwa Kirista, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ana ce mata Mama Mari. Kafin ta ɗora mana girki sai ta fito da tukunyar tsakar gida, ta dirje ta da toka da yashi a gabana, ta ɗauraye, ta nuna mini cikinta. Na gane, so take in san ba abin da addinina ya hana da ya saura a cikinta. Ta yi tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, tsami kamar ya cire kunne. Da lokacin salla ya yi, ita ta kama kafaɗata ta juya ni gabas.

Kashegari da hantsi aka taru a wani aji na makarantar ƙauyen. An toshe tagogi da tabarmi da zannuwa, janareta yana ƙara a waje. Mu masu nema a gefe guda, mutanen ƙauyuka a ɗaya gefen. A gaba aka zaunar da wani tsoho, Baba Zira, wanda aka ce shi ya haƙa yawancin kaburburan, daga can saman dutse ya sauko. Bangon ajin an shafe shi da wani fenti kore-kore. Na gan shi da muka shiga, ban kawo komai a raina ba.

Aka fara. Hoto ya fito, a faɗi suna, a yi shiru, a wuce. Can aka nuno wani saurayi da rigar ƙwallo shuɗiya mai ratsin fari. Baba Zira ya ɗaga sandarsa ya ce wannan yana ƙarƙashin tsamiya, shi ya sa shi da hannunsa. Uwar yaron, wata mata daga Michika, ta faɗi tana birgima. Muka riƙe ta muna kuka, kuma Allah ya gafarta mana, kowaccenmu tana so a ce ita ce.

Sai aka kira sunan Malam.

Hular tasa ce, jaririn namu ne. Amma rigar da ke jikin mutumin nan ta bango, launin miyar kuka ce da ta kwana. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wannan ba rigarsa ba ce! Wa ya canza masa riga?" Da Hausa na faɗa, ba wanda ya ji sai 'yan Najeriya. Baba Zira ya ƙura ido, ya daɗe, ya tambayi na kusa da shi, ya girgiza kai. Mai fassara ya ce, tsoho ya ce bai binne mai koriyar riga ba. Mai majigi ya danna, Malam ya ɓace, wata yarinya ta fito.

Hadiza ta tsallake mutane ta isa wurin mai majigin. Ina hango su suna nuna wa juna kwamfuta, ita da Turanci, shi da Faransanci, hannuwa suna ta tashi. Ya ce mutane da yawa suna jira, sai an gama. Ta dawo ta zauna kusa da ni.

Na ce, "Ina lambar? Ba kin ce ko a Makka ba?"

Ta ce, "Dada, na shirya hoton ne irin na bugawa a takarda, shi na aika musu. Na takarda da tawada ake haɗa shi, na bango da haske. Abin da suke nuna hotuna da shi bai san lissafin tawada ba, sai ya yi nasa. Ga ƙwan majigin ya tsufa. Ga bangon."

Ban gane duka ba. Abin da na gane shi ne an ba wa wani saƙo da yaren da ba ya ji, ya isar da abin da ya ga dama.

Da aka gama, mai majigin ya yi mana kirki. Ya bar Hadiza ta zauna a kujerarsa ta juya hoton zuwa irin nasu, ta sa lambar. Rigar ta bar kore ta koma ruwan ƙasa. Mama Mari ta aika aka ɗauko farin ƙyallen teburin cocinsu, maza biyu suka riƙe shi a jikin bango. A kansa rigar ta fito kamar lemon da aka ɓare, tana ƙyalli. Ta fi kusa, amma ba ita ba ce. Na juya in ce a kira tsohon, sai na ga kujerarsa ba kowa. Hadari ya haɗu, akwai rafi tsakaninsa da gida, ya tafi tun ɗazu. Bututun kuwa da hoton takarda yana ɗakin Mama Mari, mun bar shi don mun ɗauka majigi ya fi shi.

Ruwa ya sauko muna shiga gida. Hadiza ta kwanta ta juya wa bango fuska. Ni na zaro hoton na shimfiɗa a tabarma ina kallo, don in wanke idona daga wancan kore. Mama Mari ta shigo da ruwan zafi, ta tsaya a kaina. Ta ajiye butar. Ta durƙusa ta sa yatsa a kan rigar, ta ce da Fulatanci, "Taso."

Ta kai ni bayan ɗaki wurin rumbunta. A ƙarƙashin jinkar akwai igiya, an ɗaura mata 'yan ƙyallaye jere kamar layu. Ta ce lokacin da baƙi suke ta faɗuwa a kan hanyar dutse, maza suna haƙa, ita tana kai musu ruwa. Sai ta ga ana rufe mutane ba suna, ba wanda zai ce ga wane. Ta riƙa yanko bakin rigar kowane da wuƙa kafin a rufe, tana ƙulla wa kowanne alamar wurin da aka sa shi a ranta. Ta ce, "Na san wata rana mata za su zo."

Rana da hayaƙi da damina sun cinye su. Duk sun koma 'yan uwan juna, fari-fari, toka-toka. Ta bi su da yatsa ta tsaya a kan ɗaya ta kwance. Bakin hannun riga ne, faɗinsa bai fi yatsu uku ba, launinsa kamar busasshiyar ciyawa. Ta ce da ta yanke shi, kamar na hoton nan yake. Ko kusa da haka. Dattijo ne, an same shi a gindin wani dutse bayan kwanaki, ba jaka, ba hula.

Na shinshina, ko zan ji man keke. Hayaƙi kawai na ji.

Hadiza ce ta ce a farke kalmasar, rana ba ta shiga ciki. Matar mai gyaran keke ce ni, da ni ya kamata in tuna, amma kaina ba ya tare da ni. Ta sa reza ta tsinke zaren a hankali ta buɗe. A cikin ninkin, siriri kamar tsinken tsintsiya, ga launi da ransa.

Muka fito da shi bakin ƙofa wurin haske. Ta ɗora shi a kan hoton takarda, ta buɗe kwamfutarta ta ajiye a gefe. Na takarda ya fi shi duhu. Na kwamfuta ya fi shi haske. Shi yana tsakani, kuma kamar ya fi su rawaya, ko kuwa hasken bayan ruwa ne.

Hadiza ta ce, "Dada, waɗannan biyun daga bakinki na yi su. Ke kaɗai kika san rigar. Duba da kyau."

Na duba. Na rufe ido na kira rigar, yadda nake shanya ta a igiya, yadda take a jikinsa in ya juya zai fita. Sai ta zo mini iri-iri, ta shagon su Hadiza, ta Malam Dauda, ta matarsa, har da koriyar bangon. Idon nan nawa likita ya ce farar yana ta fara rufe shi, fari ma yanzu rawaya-rawaya nake ganinsa. To goron da na tofa a takarda, da wane ido na auna shi? Kuma mai yadin da na saya wurinsa, bandir guda ne a gabansa, ba Malam kaɗai ya ɗinka ba.

Na ce, "Ban sani ba." Hadiza ta fashe da kuka. Tun ɓatan uban ban ga ta yi irinsa ba.

Da safe rafi ya janye, muka hau dutsen, Mama Mari a gaba da sanda, ni ina hutawa a kowace inuwa. Muka sami Baba Zira yana gyaran tokarar gonarsa. Aka warware masa hoton takarda. Ya goge hannu a wando, ya riƙe shi nesa, ya kawo kusa. Ya ce in wannan ce rigar, to jiya ƙarya bango ya yi masa. Ya ce akwai dattijo mai irin wannan, zai yiwu shi ne. Amma duk wanda ya biyo hanyar nan a kwanakin nan jar ƙasa ta rine shi, mai fari ma ja yake isowa. Na tambaye shi hannuwan mutumin, ko akwai baƙin mai a farcensa. Ya ce, "'Yar uwa, ban duba hannu ba. Sauri muke yi."

Ya kai mu wurin. Tarin duwatsu ne a gefen gonar wake, an kewaye da ƙaya don awaki. Ya ce da yake ba su san ko mutumin na masallaci ne ko na coci ba, sai suka kira malamin cocinsu, suka kuma kira wani Bafulatani makiyayi, kowa ya yi irin tasa. Makiyayin ne ya nuna musu yadda za a kwantar da shi ya fuskanci gabas. Haka suka yi wa duk wanda ba su sani ba. A garinmu ban taɓa jin an yi haka ba, kuma ban san abin da malamai za su ce ba. Ni dai na kama hannun tsohon nan na yi masa godiya.

Na durƙusa. Na buɗe baki in ce Malam, sai harshena ya ƙi. In ba shi ba ne fa, na kira mijina a kan mijin wata? Sai na ce, "Bawan Allah, in kai ne, ga ni na zo, ga auta. In ba kai ba ne, ka yi haƙuri da mu, taka tana nan tafe." Na karanta abin da na iya. Hadiza ta zuba ruwa a kan duwatsun.

Mama Mari ta ce in tafi da ƙyallen. Na ce a raba biyu. Na ɗauki rabi, ta mayar da rabi igiya, saboda wadda za ta zo bayana da nata hoton. Muka rabu a bakin hanya, ta cusa mini gyaɗa a jaka, na ba ta sauran goron da na taho da shi.

Dawowa ba abin faɗi. Takalmin bai sake ficewa ba, sojan nan dogo ba ya wurin. Malam Dauda ya ga ƙyallen ya ce shi ne, matarsa ta ce Allah ne masani.

Yanzu yana cikin wani ƙaramin gwangwani a ƙasan akwatina, inda haske ba ya kai. Hadiza ta kai shi shago sau ɗaya ta auna shi da na'urarsu, ta ce lambarsa ba ta zo daidai da tamu ba, amma ba ta yi nisa ba. Na ce nisan nawa ne yake mai da mutum mijin wata? Ta ce duk hoton da za ta aika yanzu iri biyu take yi, na takarda da na bango, ta kuma ce wa mutanen ƙungiyar su riƙa tafiya da farin ƙyalle. Allah ya sa ya amfani wasu.

Ku da kuke tambaya, ga Kamaru nan, iyakar abin da na gani ke nan. Saura abu ɗaya, Hadiza, rubuta shi yadda yake.

Ranar da zai tafi, fararen rigunansa duk suna igiya ba su bushe ba, ni na miƙo masa ruwan goron. Na raka shi zaure ina cewa ya bari sai wani makon, ana ta maganar hanyar nan ba lafiya. Ya rataya jakarsa, ya gyara hula, ya dubi fuskata ya yi dariya. Ya ce, "Ke Tasalla, saki ranki. Da rigar nan taki ina zan ɓata? In kin ga na daɗe, ki ce musu mai ruwan goro, kowa zai nuna miki ni."